Jan da Malam Bai Gani Ba

Mu biyar ne a rukunin furojet ɗinmu, kuma tun ranar farko aikin bugawa ya faɗo a kaina, don ni kaɗai ce mai laftof, ita ma ta yayana ce. Ban yi gardama ba. Shekara biyu ke nan ina koyon aikin ofis: inda adireshi ke zama a wasiƙa, inda kwanan wata ke zama, tazarar da ake bari tsakanin sakin layi. In akwai abin da nake taƙama da shi a makarantar nan, to shi ne takardata ba ta fita a hargitse.

Malamin da ke duba mana aikin ya dawo mana da babi na 4 jan biro ko'ina. Ya ce zai yi tafiya, mu gyara mu tura masa ta imel kafin daren Alhamis, in ya gamsu ya sa hannu ranar Litinin, sunanmu ya shiga jerin masu kare furojet. Ya ƙara da cewa, "Kuma kar a cika mini akwati da fayiloli, abin da kuka gyara kawai nake son gani." Duk ɗan shekarar ƙarshe ya san abin da rasa wannan jeri yake nufi. Sai ka jira zagaye na biyu, sakamako ya makara, takardar neman wurin aikin shekara ɗaya ta makara, lissafin dawowa babbar difiloma ya ƙara nisa.

Daren Laraba ba wuta a hostal, cajin laftof na ta sauka. Na kwafo shafukan daga Word na zuba su cikin akwatin rubutun Gmail. Jadawali uku, duk suka shigo da layukansu tsaf. Na ƙara wa kanun kauri, na bi duk lambar da muka canza da duk jimlar da muka sake na mayar da su ja. A sama na rubuta, "Ranka ya daɗe, duk inda aka sa ja, nan muka gyara." Na duba, na ce kai, ko ni ce Malam sai na sa hannu ba tare da na karanta ba. Na tura, na kwanta.

Amsa ta zo ranar Juma'a, layi ɗaya: "Ban ga ja ba, ban ga gyara ba. Ku same ni Litinin."

Abin da ya faru a zaurenmu na WhatsApp a kwana biyun nan, gara kar na maimaita shi duka. Shugaban rukuninmu ya ce ai dama ya ce a buga a takarda a kai wa mai tsaron ofis. Wata ta ce, "Ke fa kika ce kin iya." Na buɗe saƙon da na tura, ga ja nan jawur, na ɗauki hoto na watsa musu. Nan take muka haɗu a kan magana ɗaya, wai Malam ne kawai ke neman hanyar wahalar da mu. Allah ya yafe mana, har lissafin waɗanda ya taɓa kayarwa aka yi.

Ranar Litinin muka shiga ofishinsa, ni ce a gaba da hoton a waya, na shirya hujjata. Bai ko kalli wayar ba. Ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Zo nan, ke mai bugawa. Karanta mini."

Wallahi ban gane saƙona ba. Baƙi ne wuluk daga sama har ƙasa, haruffa duk girma ɗaya. Layukan jadawalin sun ɓace, lambobi sun biyo juna kamar tumakin da aka buɗe wa garke, ba ka sanin wace lamba ce ta maza wace ce ta mata, wace ce adadi wace ce kaso. Kuma can a sama ga jimlata zaune daram, duk inda aka sa ja nan muka gyara, a shafin da babu ɗigon ja ko ɗaya. Gyaran yana nan a ciki, ba a taɓa harafi ɗaya ba, amma alamar da za ta nuna shi ta tafi. Ni na ga ja, shi bai gani ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Sai daga baya, da wani ɗan sashen kwamfuta ya zaunar da ni, na fahimci abin. Imel tun asalinsa rubutu ne zalla. A 1971 da Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata da alamar @, babu launi, babu kauri, babu hoto. A 1992 aka fito da tsarin MIME, wanda ya ba saƙo ɗaya damar ɗaukar kashi-kashi, har da fayil da hoto. Daga nan aka samu hanyar rubuta wasiƙa da HTML, yaren da ake gina shafukan intanet da shi. To in ka tura saƙo mai kwalliya, Gmail ba abu ɗaya yake aikawa ba. Kwafi biyu yake ɗaurewa a ƙulli ɗaya, ɗaya mai ado, ɗaya zalla, manhajar mai karɓa ita ke da ta cewa a kan abin da za ta nuna. Ya buɗe mini asalin saƙon nawa, akwai wurin dannawa na hakan a ɗigo ukun da ke gefen kowane saƙo, sai ga su biyun ɗaya bisa ɗaya. Na zallan gajere ne. Na adon kuwa shafi ne guda na alamomi da sunayen haruffa da Word ya jibgo, jimlolina tsamo-tsamo a tsakiya.

Shi Malam da Outlook yake aiki, kuma ya saita shi ya riƙa nuna masa duk saƙon da ya shigo a rubutu zalla. Na tambaye shi dalili, a ladabce, don na ga ya ɗan sauko. Ya nemo wani saƙo ya nuna mini, wai daga banki, ana cewa ya danna nan ya sabunta bayanansa. A saƙo mai ado, abin da ido ke gani daban, adireshin da za a kai ka daban. Mutum na iya rubuta sunan bankinka da shuɗi, ya ɓoye wani wuri a ƙarƙashi. A zalla babu maɓoya, adireshin ya fito tsirara, wani dogon shirme da bai haɗa komai da banki ba. Ya ce akwai kuma ɗan mitsitsin hoton da ake cusawa, ido ba ya ganinsa, da ka buɗe saƙon ya sanar da mai turowa cewa akwatin nan da mutum a ciki. "Ku da kuke neman aiki da tallafin karatu," in ji shi, "ku aka fi yi wa wannan tarkon." Ban ce komai ba, don na san sau nawa na danna irin wannan.

Amma bari na faɗi abin da ban faɗa a gabansa ba. A saman saƙon nawa akwai ɗan layin da Outlook ke sawa, mai cewa an mayar da wannan saƙo zalla, kuma in ka danna shi zai nuna maka yadda aka turo. Dannawa ɗaya. Mutum ya ga ɗalibarsa ta rubuta "inda aka sa ja", ai ya kamata ya ce bari na duba. Har yau ina ganin haka. Sai dai shi sunansa ba ya cikin wani jeri da za a rufe, kuma ni ce na rataya aikin mutum biyar a kan launi, ban taɓa tambayar kaina da me ake karantawa a can ɗin ba.

Ya ba mu zuwa magariba.

Laftof ta mutu, na ruga shagon kwamfuta na bakin get. A Gmail na kwamfuta, in ka buɗe sabon saƙo, akwai ɗigo uku a ƙasan akwatin rubutu, a cikinsu akwai layin da ke cewa "Plain text mode". Na zuba aikin, na danna. Nan take jan ya wanke, jadawalin ya rushe a gabana, na ga daidai irin abin da Malam ya gani. Na sake dannawa don na koma, ina zaton adon zai dawo. Bai dawo ba. Wannan ƙofar, fita da kaya ake yi, ba a shigowa da su. Da a ce a nan na tsara komai ba ni da kwafi a Word, da na yi kuka a shagon mutane. Don haka duk mai son gwadawa, ya zaɓi wanda zai yi tun kafin ya fara rubutu.

Na fara ƙoƙarin gina jadawalin da hannu, ina danna maɓallin tazara ina jera lambobi. Yaron shagon ya leƙo ya ce, "Anti, kar ki wahalar da kanki, a wajensa karkacewa zai yi." Gaskiyarsa. A yawancin salon haruffa, faɗin "i" ba ɗaya yake da na "m" ba, kuma a rubutu zalla ba kai ke zaɓar salon da mai karatu zai gani ba. Sai na bar zane, na koma magana. Na rubuta: Jadawali na 2, layi na 3, da 46 ne, yanzu 64, an juya lambar ne wajen bugawa. Shafi na 31, sakin layi na biyu, an cire jimlar ƙarshe. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, gyara goma sha bakwai. Cikakken babin na mayar da shi PDF na maƙala, na roƙi afuwa a kan fayil ɗaya tak. A wajen lissafo su ne ma na gano wurare biyu da na shafa wa ja alhali ba mu gyara komai ba, launin ne ya ruɗe ni ni kaina. Da Malam ya ga jan nan, da ya kama mu. Ya sa hannu ranar Talata da safe.

Abin dariya ya biyo baya. Gmail ba ya mantawa, in ka sa shi a zalla, a zalla zai zauna har sai ka cire. Bayan mako uku ina son tura sanarwar walimar sashenmu, na yi ta neman yadda zan ƙara wa kanu kauri abu ya ƙi, har na fara zargin laftof ɗin yayana ta kamu da cuta. Yanzu na san 'yan dabaru. Ctrl da Shift da V suna zuba abin da ka kwafo ba tare da adonsa ba. A Thunderbird, riƙe Shift lokacin danna maɓallin rubuta sabon saƙo yana juya ka zuwa ɗaya tsarin, na wannan saƙon kawai. A Outlook zaɓi uku ne, kuma na ukun, "Rich Text", shi ne wanda kan isa wajen wanda ba ya amfani da Outlook da wani fayil mai suna winmail.dat da ba ya buɗuwa. Wanda ya taɓa karɓar wannan, to ga daga inda ya fito.

Tsorona ɗaya da zalla shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Na ɗauka ƙ da ɗ da ɓ su ma ado ne, za su wanke tare da jan. Ashe ba haka ba ne. Tsohon tsarin ASCII gurbi 128 gare shi, an yi shi don Turanci, babu namu a ciki. Amma UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗaukarsu lafiya lau, ko a zalla ko a ado. In ka ga ƙ ta koma Æ™ ko ɗ ta koma É—, ba rashin kwalliya ba ne, wata manhaja ce a hanya ta karanta UTF-8 da tsohon ma'auni.

Na ba Babanmu wannan labarin da na je gida hutun ƙarshen mako. Shekarunsa na aiki duk a gaban tafireta ya yi su, a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya yi dariya har da tari. Ya ce su a lokacinsu in za a buga ƙ, sai a buga k a bi ta da waƙafin sama, ko a dawo da biro a yi mata ƙugiya da hannu. Ja kuwa, akwai ribon mai launi biyu, baƙi da ja, amma ya ce wanda ya koya masa aiki ya hana shi dogara da shi, don kwafin da ke ƙarƙashin takardar kabon launi ɗaya yake fita, kuma shi ne ke zama a fayil. "Ashe har yanzu kuna da kwafin ƙasa," in ji shi. Na ce muna da shi, Baba, ba a dai gaya mana ba.

Ba na cikin masu cewa ado haramun ne. Sanarwar walimar nan da launinta na tura ta, da hoto, kuma ta yi kyau. Amma makon jiya da na zauna rubuta wa wani kamfani takardar neman wurin aikin shekara ɗaya, ban san wa zai buɗe ta ba, ko a waya, ko a wace irin kwamfuta. Na rubuta ta zalla, sakin layi huɗu, na maƙala takarduna a PDF. Kafin na aika na tura wa Baba a wayarsa ya duba mini.

Ya kira ni bayan isha'i. Ya ce wasiƙa ta yi, sai dai na rubuta lambar wayata da lamba goma maimakon goma sha ɗaya.