Zumunta a Ƙafa Take

A gidanmu na Milezi, kakarmu ba ta yarda a ce mata "ƙuraje ne" a yi shiru. In yaro ya zo yana susar ƙwauri, sai ta ja shi bakin ƙofa inda haske yake, ta duba da kyau, sannan ta yi masa tambaya uku: ina ka shiga, me ka shafa, da wa ka kwana? Muna yara mukan ɗauki abin fitinar tsufa. Sai da muka girma muka gane cewa mafi yawan abin da ke fesowa a ƙafar mutum yana cikin amsar tambayoyin nan.

Mu Hausawan Njamena mun gaji sunayen ciwon fata daga iyayenmu, waɗanda da yawansu hanyar Makka ce ta kawo su bakin kogin Shari suka zauna, tun garin yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Sun bar mana ƙurajen zafi, da ƙazuwa, da makero, da kirci, da maruru, da gyambo. Kowane suna da kamanninsa, kowane da maganinsa. Yau 'ya'yanmu sun fi sakewa da Larabcin Chadi da Faransanci, sunayen suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, komai ya koma "ƙuraje". In suna ya zama ɗaya, magani ma sai ya zama ɗaya, daga nan kuskure ke farawa.

Kowane lokaci na shekara da nasa. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, zufa kan toshe ƙofofinta a fata, sai ƙananan ƙuraje masu tsikari su feso a bayan gwiwa da matsematsin cinya. Waɗannan ba sa son maiƙo ko kaɗan. Wanka da ruwan sanyi, da sakakkiyar tufar auduga, da inuwa, sun wadatar. Da damina sauro ne da ƙuma: ƙurji nan, ƙurji can, a inda zane ko wando bai rufe ba, kuma ƙafar yara ta fi shan wahala. Hunturu kuwa busar da fata yake yi, ramukan gashi su cushe, cinya da sharaɓa su yi kaushi kamar fatar kazar da aka fige. Wannan ba ya yaɗuwa, ba ya da haɗari. Abin da yake so shi ne a rage sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi, a daina dirza da soso, a shafa man kaɗanya tun jiki da sauran danshi.

Akwai kuma wanda muke jawo wa kanmu. Halawa da dilka, waɗanda amaren Kano da Maiduguri ke yaba wa matan Chadi a kansu, suna gyara fata in an iya. Amma halawa tumɓuke gashi take yi daga saiwa, ta bar ramin a buɗe. In hannun mai yi ba tsabta, ko aka bi da dirza nan take, sai ramukan su kumbura su yi farin kai. Haka reza mai dakushi take yi wa maza. A nan ɗumi da tsumma mai tsabta, da barin wurin ya huta, sun fi matsa. Kogi ma da nasa: wanda ya shiga ruwa mai kwanciya ya fito ƙafarsa na ƙaiƙayi da jajayen ɗigo, a sa masa ido, domin ta fata tsutsar tsargiya ke shiga jiki, kuma fitsarin jini ba a gida ake maganinsa ba.

Duk wannan mun sani, amma ranar da ilimin zai yi mana amfani sai muka tsallake tambaya ta uku.

A watan Oktoba na 2022, da Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, ruwa ya ci gidaje masu yawa a Waliya. Goggonmu na cikin waɗanda suka fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Allah ya tsare gidanmu, sai ta zo da 'ya'yanta da jikoki muka zauna tare. Ɗakin mutum huɗu ya ɗauki goma, tabarma ɗaya yara biyar, mayafi ɗaya ya rufe uku. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, yara suka fara susa. Lokacin iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai muka ce bushewar fata ce, muka bi su da man kaɗanya. Bai yi ba. Muka dafa ganyen darbejiya aka yi musu wanka. Susa ta lafa da rana, dare na yi ta dawo, har ana jin ƙarar farce a cikin duhu. Daga nan muka sayo wani man shafawa a hannun mai tallan magani a kasuwa, wanda ya rantse mana yana kashe kowane irin ƙurji. Kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta, muka yi murna. Mako biyu bayan haka ƙurajen sun kai tsakanin yatsu da ƙugu, manya ma sun kamu, ƙafar autanmu kuwa ta fara ruwa da ɓawo mai launin zuma.

A lokacin kowa a gidan ya san sunan abin, amma ba mai son furta shi. Ƙazuwa a wurinmu zagi ce, ciwon ƙazami ake ce mata. Sai aka koma magana da ido da habaici. Wata safiya muka iske Goggo ta ɗaure kayanta. Innarmu ta ce, "Yaya, ina za ki da yaran nan, gidan naki yana cikin ruwa?" Ta ce, "Gara in kwana a fili da a ce ni na kawo muku ƙazanta." Innarmu ta kwance ƙullin da hannunta, ta ce, "Wallahi ba inda za ki. Asibiti za mu, mu duka."

Ma'aikacin jinyar da ya duba mu bai ɓata lokaci ba. Ya ce ƙazuwa wata mitsitsiyar halitta ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a ƙarƙashin fata tana ƙwai, kuma ba ruwanta da yawan wanka: cunkoso take bi, da haɗuwar jiki da jiki. Ya ce takan yi mako huɗu zuwa shida a jikin mutum kafin susa ta fara, don haka ba mai iya rantsuwa a kan wanda ya fara kawo ta, mai yiwuwa ma ɗanmu ne ya ɗauko a makaranta. Man da muka sayo kuwa yana da kotizon, irin wanda ake zubawa a mayukan bilicin: yana danne ƙaiƙayi, cutar na ci gaba da yaɗuwa a ɓoye. Ya ba mu maganin shafawa daga wuya zuwa tafin ƙafa, kowa da kowa a dare ɗaya, har da wanda bai fara susa ba. Muka wanke tufafi da ruwan zafi muka shanya a rana, abin da ba ya wankuwa muka ƙulle a leda mako guda, tunda halittar ba ta wuce kwana biyu zuwa uku in ba ta kan mutum. Ya gargaɗe mu cewa ƙaiƙayi kan iya ɗaukar makonni bayan ta mutu, kada mu ce magani bai ci ba.

Autanmu sai da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: farce ne ya yage fata, ƙwayoyin cuta suka bi, kuma irinsu kan iya taɓa ƙodar yaro. Tun daga ranar muka san iyakar maganin gida. Ƙurjin da ya yi mugunya, ko ja da kumburi ke yaɗuwa a gefensa, ko ya zo da zazzaɓi. Yaron da fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya yi duhu. Susar da ta kama mutum fiye da ɗaya a gida. Ko wani rauni komai ƙanƙantarsa a ƙafar mai ciwon sukari. Duk waɗannan na asibiti ne. Wanda ya yi mako biyu bai sauya ba, shi ma haka. Sauran kuwa, a yanke wa yara farce, a kiyaye tsabta, a yi haƙuri.

Goggo ta zauna da mu har ruwa ya janye. Yanzu duk ranar Juma'a takan tsallako daga Waliya ta zo gaishe mu, in ta ga yaro na susa sai ta ja shi bakin ƙofa ta yi masa tambayoyin kakarmu, ta uku kuwa da ƙarfi take yin ta. Allah ya ba mu lafiya, ya bar zumunci.