Abin da Muzuru da 'Yar Kyanwa Suka Koya Mini

Mu mutanen Ungogo ba don ado muke ajiye mage ba. Gidajenmu a jikin gonaki suke, tun daga Fanisau har Rangaza da Yadakunya, kuma duk inda aka kafa rumbun gero da dawa, ɓera ba ya jiran gayyata. Bayan farin 1984, lokacin da kowane dami ya zama abin tattali, na samu wani jibgegen muzuru mai faɗin kai. Shi kaɗai ya tsare mini rumbuna biyu, har gafiya yakan tasar wa.

Wata rana yara suka tsinto 'yar kyanwa a kangon maƙwabta. Idonta bai daɗe da buɗewa ba, ka ga ba ta wuce mako biyu a duniya ba. Na ce ai jinsinsu ɗaya, na ajiye ta gaban kaskon muzurun, na tafi gona. Da na dawo da la'asar, na tarar da ita kwance a gindin rumbu, ya cije ta a wuya. Ba ta kwana ba. Na ɗauki sanda, sai mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Kai, ajiye sandar nan. Shi halinsa ya yi. Kai mai hankali, me ka yi?" Har yau maganar nan tana kunnena.

Bayan shekaru aka sake yi mana tayin wata 'yar kyanwa, a gidan kuma akwai wani babban muzurun. Wannan karon sai na bi a sannu. Na bar ta wurin uwarta har ta cika wata biyu, ta iya cin abinci da kanta, domin madarar shanu zawo take sa yawancinsu. Da ta zo, na kife ta da kwando a ɗakin uwargida. Mage da hanci take gane nata, don haka kullum sai in ɗauki tsumman da ƙaramar ta kwana a kai in kai makwancin babban, nasa kuma in kawo mata. Bayan mako guda na bari suka ga juna ta ramukan kwandon. Ya yi huci, ya yi gurnani, na ƙyale shi. Na raba musu kasko, nasa a zaure, nata a madafi. Na kuma toshe ƙarƙashin rumbu da duwatsu, na bar 'yar kafar da ita kaɗai za ta iya shiga idan wasa ya yi zafi. Kafin hunturu ya wuce, a kan buhu ɗaya suke kwana kusa da murhu, yana lasar mata kai.

Addininmu bai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sahabi Abu Huraira ma 'yar kyanwarsa ce ta jawo masa wannan laƙabi.

Na aurar da 'ya'ya, na riƙi maraya, na zauna da mata biyu, kuma a dukansu da darasin nan na yi aiki. Idan ka kawo amarya gidan uwargida, ko agola cikin 'ya'yanka, kada ka ce ai duk gida ɗaya ne ka juya baya. Ka ba babba girmansa, kada ya ga an ƙwace masa wuri. Ka ware wa ƙarami rabonsa, ka bar masa inda zai fake, sannan ka ba su lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

'Ya'yana da jikokina, duk wanda ya haɗa mai ƙarfi da mai rauni a inuwa ɗaya, amana ya ɗauka, kuma shi za a tambaya ranar gobe. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.