Bayan Dutsen Zuma, Inda Kwalta Ta Ƙare

Ƙasar Suleja, wadda ta bar wa babban birnin tarayya sunanta na Abuja bayan dokar 1976, ƙasa ce ta tsaunuka da rafuka. Duk wanda ya saki kwalta a Madalla cikin damina, a nan zai san halin motarsa.

A hawa mai duwatsu otomatik ta fi sauƙi, don babu kulocin da direba zai ƙona. A gangara mai santsi kuwa, mai giyar hannu ta fi riƙo: a sa lamba ɗaya, birki ya huta. In batir ya mutu a daji, samari huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Otomatik fa, ko gari aka tara, sai an kawo wani batir.