Shekara 70 a Babila

Mu Kirista muna son Irmiya 29:11, ayar da ke zancen kyakkyawan shirin Allah domin jama'arsa. Sai dai ba kasafai muke tuna waɗanda aka aika wa ita ba: bayi ne da aka kwashe daga Urushalima zuwa Babila. Hananiya ya yi annabci wai cikin shekara 2 za su komo. Irmiya ya ce sai 70, su gina gidaje, su yi shuka. Da yawansu can za su mutu ke nan.

Wannan na riƙe lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022. Wata 8 ina gida, shekaruna na tafiya. Na bar ƙirga kwanaki, na nome gonar mama, na koyar da yara a makarantar Lahadi. A watan Oktoba aka janye yajin, masarata ta nuna.