Adon magana a bakin ɗan kasuwa yake

Shekara talatin ke nan ina bin hanyar Salaga da Yendi da Bawku, in ɗauko doya can, in sauke albasa nan. A duk zangon da na kwana, ƙorafin iyaye ɗaya ne: yaro ɗan firamare ya dawo da aikin gida kan waƙa, an ce ya nemo simili da metafo, uban ya juya littafin ya ce, "Kai, je ka tambayi ticarku, ni ɗan kasuwa ne." To ni kuwa ina ganin babu wanda ya fi ɗan kasuwa cancantar koyar da wannan darasi.

A nan Gana, yaronmu da Turanci yake karatu. In an zo darasin harshen gida, a Salaga Gwanjanci ake koya masa, a Yendi Dagombanci. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu, duk da ana jin ta a rediyo da tasha da kasuwa. Ke nan in Hausar yaro za ta yi zurfi, sai dai a gida. In ba haka ba, zai tashi da Hausar "nawa ne" da "rage mini", wadda ta isa ciniki amma ba ta isa ta'aziyya ko lallashi ko sulhu ba.

Ku saurari bakinmu na yini ɗaya kawai. Muna cewa kasuwa ta ci, alhali ba ta da haƙori. Muna cewa kaya sun kwana, farashi ya hau, ciniki ya faɗa. Jarin da muke juyawa ma uwar kuɗi muke ce masa, wato kuɗi na da uwa, kuma tana haihuwa. Wannan shi ne ainihin abin da ticar ke nema. Masana Hausa na jami'a, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Kano, sun ba waɗannan abubuwa sunaye. In ka ce buhun nan nauyi kamar dutse, kamance ka yi. In ka jefar da "kamar" ka ce wane dutse ne, siffantawa ce. In ka ba mota ko kasuwa halin ɗan Adam, mutuntarwa ce. In ka ce duk Bawku ta zo bikin, kambamawa ka yi. Layi ɗaya na waƙa ɗango ne, tarin ɗango baiti, sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layi kuma amsa-amo.

Abin da na lura shi ne, yaro ba ya riƙe suna sai ya taɓa abin da hannunsa. Saboda haka da jikokina ba na farawa da sunaye. Nakan ɗauki albasa ɗaya in ajiye a tabarma in ce, "Da me ta yi kama?" Amsar farko kullum ƙwallo ce. Sai in ce a ƙara dubawa, a ɓare ta. Wata rana ƙaramarsu, 'yar aji uku, ta ce, "Kaka, amarya ce, zanenta da yawa, kuma in an buɗe ta sai an yi hawaye." Ba ta san kalmar siffantawa ba a lokacin, amma ta yi ta. Daga baya na gaya mata sunan da Hausa, ticarta ta gaya mata da Turanci, duka biyun suka zauna.

Amsa-amo kuwa wasa muke mayar da shi. In faɗi kalma, kowa ya kawo 'yar uwarta: doya, kaya, baya, wuya. Wanda ya rasa ya fita. In kalmomin sun taru sai mu ɗinka layi biyu, muna tafi muna ƙirga gaɓoɓi don kada ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ga wanda muka haɗa da su:

Motar Salaga ta ɗauko doya,
Tana ta nishi don nauyin kaya.

Gaɓa goma goma ne, "ya" ta amsa "ya", mota kuma ta yi nishi kamar mutum. Darasi uku ke nan a layi biyu, kuma ko minti goma bai ci ba.

Na san wani zai ce, "Alhaji, waƙa ai ta maroƙa ce, ni lissafi nake so ɗana ya iya." Sai in tuna masa da Alhaji Umaru Salaga. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya biyo hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Yaƙin basasar 1892 da ya watsa Salaga ya sa jama'a suka yi ƙaura, shi ma ya koma Kete-Karaci, inda ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Babban malami ne, amma da waƙa ya rubuta zuwan Nasara, da waƙa ya yi bayanin talauci da wadata, da Larabci da Hausar ajami. Yau in ana neman sanin yadda kakanninmu na zango suka ji da zamaninsu, waƙoƙinsa ake buɗewa. Maƙwabtanmu ma ba su raina abin ba. Duk wanda ya ga bikin Damba a Yendi ya ji yadda makaɗan Dagomba, lunsi, ke jero sarakunan Dagbon da kirarinsu a gaban Ya Na, kuma tun suna yara ƙanana ake fara koya musu.

Ga amfanin kasuwa kuma. Yaron da ya saba neman abin da ke bayan magana, shi ne gobe zai gane cewa "sai na duba" na abokin ciniki a'a ce mai ladabi. Shi zai iya karɓo bashi ba tare da ya ɓata zumunci ba. A gari irin Bawku, inda Kusasi da Mamprusi da Mosi da Bisa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, kuma kowa ya san abin da rikici ya jawo, iya zaɓen kalma ba ƙaramin jari ba ne.

Matsalarmu ɗaya ce, ba ma zama a gida. Amma waya tana aljihu. In ka sauka a tasha da dare, maimakon "kun ci abinci?" kaɗai, tura wa yaran saƙon murya ta WhatsApp da layi ɗaya, ka ce su cika na biyu kafin asuba. Uwarsu ko kakarsu ta zama alƙali. Ka tambaye su kura ko damina da me ta yi kama, kada ka karɓi amsar farko. In yaro ya kawo wadda ta ba ka dariya, ka rubuta ta a bayan littafin bashi, da kwanan wata, ka karanta masa ranar da ka dawo.

Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a bakinsu da kasuwarmu.