Na San Landan A Hoto, Ban San Birninmu Ba

Yau wani abu ne da ya faru da ni nake so in ba ku labari, wanda har gobe in na tuna shi sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Ni dai Bazazzagiya ce gaba da baya, a cikin birnin Zariya aka yanke min cibiya, a nan na yi firamare da sakandare. Amma tun ina 'yar aji ɗaya babu abin da ke raina sai ƙasar Turai. Bangon ɗakina cike yake da hotunan Landan da Paris da nake yankowa daga tsofaffin kalandu. Na san agogon nan Big Ben, na san kogin Tems da jajayen motocin nan masu hawa biyu, na san fadar Bakingham. Har shekarar da aka gama hasumiyar Eiffel, wato 1889, na haddace ta kamar karatun allo. Duk saurayin da ya zo zance wurina kuwa, ba a tashi sai na gaya masa cewa ni fa mijina sai wanda zai kai ni Landan in buɗe ido. Kakarmu takan yi dariya ta ce, "Kishiya, ke da ko Ƙofar Gayan ba ki taɓa leƙawa ba, ina ke ina Ingila?" Ni kuwa sai in murguɗa baki in wuce.

Ana nan ana nan, a ƙarshen watan Yuli na 2023 sai ga Kawuna da ke aiki a Landan ya zo hutu da iyalinsa. Babbar 'yarsa sa'ata ce, kuma taubashiyata, a can aka haife ta, shi ya sa duk gidan muke ce mata 'Yar Landan. Murna a wurina ba a magana. Na shirya tambayoyi fal cikina, ina jiran a natsa in sha labari. Ai kuwa tun kafin in buɗe baki ta riga ni. Da Hausarta mai ɗan karkacewa ta ce, "Ke baiwata, gobe za ki zaga da ni gari. Ina son ganin ganuwar Amina, da fada, da masallacin da Babban Gwani ya gina."

Na ce mata, "Wane ne kuma Babban Gwani? Ai unguwa ce."

Wallahi 'yan uwa, irin kallon da yarinyar nan ta yi min, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe ita ta karanta labarinsa a wani littafin gine-gine tun tana can, ni kuwa da nake wucewa ta unguwar zuwa gidan ƙawata ban taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba.

Washegari Yayanmu ya samo mana Keke Napep, Kaka ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta ɗauko mayafinta da goronta. Muka fara da Ƙofar Doka. Nan Kaka ta shiga lissafo mana ƙofofi da yatsu: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Jatau. Ta ce a da can in magariba ta yi rufe su ake yi, kowace da mai tsaronta, baƙon da ya makara sai dai ya kwana a waje. Yaya ya ƙara da cewa zagayen ganuwar ya kai kimanin kilomita 15, kuma da gangan aka yi ta da faɗi haka, ta haɗa da gonaki da fadamu da dutsen Madarkaci, don in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutane.

Da muka tsaya inda ragowar ganuwar take, sai jikina ya yi sanyi. Wani wurin ta zama ɗan tudu kawai ciyawa ta rufe, wani wurin ruwan sama ya zaizaye ta, wani wurin an haƙe ƙasar an yi bulo, wani wurin kuma gida ne ya hau kanta ɗungurungum. 'Yar Landan ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a garinsu akwai guntun bangon da Rumawa suka gina wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, kusa da tsohuwar kurkukun nan da ake kira Hasumiyar Landan. Ta ce ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, amma an gyara wurin an kafa allo mai bayani, baƙi daga ko'ina suna zuwa ɗaukar hoto. Kaka ta tauna goronta ta ce, "Mu ma ba mu fita ba, jikata. Ƙasar da aka yaɓe tsohon ɗakina da ita, daga ina kike tsammani aka ɗebo ta?" Kowa ya yi shiru.

A hanya Kaka ta ba mu labarin Sarauniya Amina yadda ta ji daga nata kakannin: 'yar Bakwa Turunku ce, ta ƙi zaman ɗaki ta riƙi takobi, duk inda ta ya da zango sai ta sa a kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har yau ake cewa ganuwar Amina a garuruwa da dama. Ta ce sunan garin namu ma daga ƙanwarta Zariya aka samo shi. Na ji kunya ta kama ni, don ni sunayen matan gidan sarautar Ingila na fi riƙewa.

Daga nan sai fada. Ƙofar nan mai zane-zane kala-kala da nake wucewa kullum ban ɗaga kai ba, ranar na tsaya na ƙare mata kallo, dogarai da jajayen kayansu suna zaune a gefe. Yaya ya yi mana bayanin gidajen sarauta huɗu na Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ya ce marigayi Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020, sannan aka naɗa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin Sarki Makau, wanda ya bar Zariya ya yi kudu lokacin jihadi, har ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka tashi yin sabon babban birnin tarayya sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Wato ko sunan babban birnin Nijeriya ma daga gidanmu ya fita!

To, ga inda na tafka kuskuren da nake ba ku labari dominsa. Muna fitowa daga wajen fada sai hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Masallacin Juma'a yana nan dab da mu, ba lokacin salla ba ne, Yaya ya yi magana da wani dattijo da ke kula da wurin, ya yarda mu leƙa mu ga tsohon ginin ƙasar da ke cikin sabon. 'Yar Landan ta tuɓe takalmi, ta gyara lulluɓi, ta ce in taso. Ni kuwa na gaji, ga sabon takalmina ina tsoron taɓo, ga saƙo ya shigo wayata. Na ce mata, "Je ki ke da kike baƙuwa. Ni da nake gari, ko gobe na ga dama sai in zo." Kaka ta dube ni ta ce, "Gobe ta Allah ce, kishiya." Na yi kamar ban ji ba.

Sun fi rabin awa a ciki. Da ta fito idonta har ya yi rau-rau. Ta ce Muhammadu Durugu ne sunan maginin, shi ake kira Babban Gwani, ya yi aikin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Ta nuna min hotuna a wayarta: ginshiƙai masu kauri da zane a jikinsu, bakan gizo ya tashi daga wannan ya tarar da wancan, an jera azara a sama kamar saƙar tabarma. Babu siminti, babu rodi, ƙasa ce da azara da basira, kuma abin ya tsaya shekara kusan 190. Ta ce masana gine-gine a Turai suna rubutu a kansa. Na kalli hoton sama-sama na ce ya yi kyau, na koma kan wayata.

Suka koma Landan a farkon Agusta. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata. Bayin Allah suka rasu, wasu suka jikkata, gari ya ɗauki salati. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri. Rashin rayukan nan shi ne babban abu, babu abin da za a haɗa da shi. Amma da dare ya yi, taubashiyata ta bugo waya tana kuka, ta sake turo min hotunan nan, sai na zauna ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya har asuba ta kusa. Shekara 19 ina kwana ina tashi kusa da wannan gini, ranar da aka buɗe min ƙofa na ƙi shiga saboda takalmi. Yanzu ni ma a hoto na san shi, daidai da yadda na san Big Ben.

Tun daga ranar na canza. Na sayi littafin rubutu mai 80, duk yamma in zauna gaban Kaka in ce ta ba ni labari, ina rubutawa. Na je unguwar Babban Gwani da ƙafata na gaida dattawa. Na zauna da matan maƙwabtanmu masu ɗinkin hannu na koyi bambancin aska biyu da aska takwas a wuyan babbar riga, aikin da ake ɗauka daga birninmu a kai kasuwannin nesa. Da hutu ya zo na matsa wa Yaya ya kai mu dutsen Kufena, muka biya ta Wusasa muka ga tsohon cocin nan na ƙasa da aka gina a 1929 da fasalin ginin Hausa. Saura Turunku, kuma wanda ke nemana yanzu ya riga ya san sharaɗina: kafin a yi zancen Landan, can zai fara kai ni in Allah Ya sa an ɗaura.

Ba wai na daina son ganin Turai ba ne, a'a, tafiya mabuɗin ilmi ce, in Allah Ya nufa zan je. Sai dai ina so ranar da wata Baturiya za ta tambaye ni labarin garinmu, in sami abin faɗa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Don haka ƙannena, ko a Kano kike, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Maraɗi, in hutu ya zo ki nemi izinin iyaye, ki sami yayanki ko wani babba ya raka ki, ki je ki ga ƙofofin garinku da fadarku da marinarku. In kuma kina da kaka a raye, ki ajiye waya ki matsa kusa da ita tun yau. Tawa Kakar tana nan da sauran ƙarfinta, jiya ma sai da ta tsokane ni wai yaushe jirgin Ingila zai tashi. Na ce mata sai mun gama lissafin rimayen Zariya tukuna.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
'Yar cikin ganuwa, Birnin Zariya.