Faffaɗar Taya da Ƙunƙuntar Fok

A Yendi, garin Ya-Na, keke abin neman abinci ne. Da shi ake ɗauko doya da itace daga ƙauyuka, a kan hanyoyin jar ƙasa da rairayi. Saboda haka, a duk lokacin da na tsaya wurin masu faci a zango, nakan ji masu kekunan hawan dutse na gwanjo suna neman taya mai faɗi.

Ina ganin suna da hujja. Tayar da irin wannan keke ya saba zuwa da ita faɗinta kamar inci 2.1 ne, wadda Turawa ke kira "filos" kuwa daga inci 2.8 zuwa 3. Takan ɗauki iska kaɗan, ta shimfiɗu a kan rairayi, ba ta nutsewa.

Amma fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da wilin gaba, shi ke yanke hukunci. Ana son a bar tazarar kimanin milimita 6 ta kowane gefe. Idan babu ita, da damina laka za ta cushe wurin, taya ta riƙa gogar ƙarfe har ta cije da kaya a kai. Siririn wili kuma ba ya riƙe faffaɗar taya sosai a kwana. Ni dai nakan ce a auna kafin a biya: daidai ruwa, daidai tsaki.

Ɗalibai ku lura, kalmar "taya" ta aro ce, jinsinta mace, jam'inta "tayoyi".